Kura da Shan Bugu: Gasar Firimiyar Kurket ta Ingila da Waɗanda Ke Biyan Kuɗinta

A watan Agustan 1997 hukumar kurket ta Ingila da Wales, wadda ake kira ECB, ta fitar da wani kundi mai suna Raising the Standard, wato ɗaga matsayin wasa. Hukumar ba ta cika shekara ɗaya da kafuwa ba a lokacin, shugabanta kuwa Lord MacLaurin ne, mutumin da ya yi suna wajen tafiyar da kantunan Tesco. Cikin shawarwarin kundin akwai wadda ta fi kowace taɓa rayuwar talakan wasan: a kowace gunduma ko yanki, a tsamo ƙungiyoyin 'yan sha'awa mafi ƙarfi, a haɗa su a gasa ɗaya ta ƙoli, a raɗa mata suna Firimiya, domin ta zama tsani tsakanin filin unguwa da ƙungiyar ƙwararru ta gunduma. Gasar Birmingham ce ta fara samun wannan lamba a 1998, wasu suka biyo baya daga 1999, yau kuma akwai kimanin talatin a faɗin Ingila da Wales.

Sunan kansa aro ne. A 1992 manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ingila suka ɓalle suka kafa Firimiyar da mai karatu ya sani, wadda kuɗin talabijin ya mayar da ita hamshaƙiya. Ita kuwa Firimiyar kurket ba ta da talabijin, ba ta da dubban 'yan kallo, yawancin masu buga ta kuma ba su da albashi. Malamin makaranta ne da mai gyaran famfo da ɗalibi da direban tasi, mutanen da ke biyan kuɗin zama ɗan kulob daga aljihunsu, su sake biyan kuɗin wasa kowace Asabar. Maganar da nake son kafawa ita ce: an gina wannan gasa don magance ciwon ƙungiyar ƙasa, aka ɗora kuɗin maganin a kan mutanen da ba su ne ke da ciwon ba, maganin kuma bai yi aiki ta hanyar da aka yi alkawari ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ciwon wa aka zo warkarwa?

Kurket a Ingila gida ne mai hawa-hawa. A sama akwai ƙungiyar ƙasa. Ƙarƙashinta akwai gundumomi 18 masu ƙungiyoyin ƙwararru, irin su Yorkshire da Lancashire da Surrey, da Glamorgan a Wales. Ƙarƙashin waɗannan akwai wasu ƙungiyoyi 20 na ƙananan gundumomi, waɗanda 'yan wasansu ba da kurket suke ci ba. A can ƙasa kuma akwai dubban kulob na garuruwa da ƙauyuka da unguwanni, masu wasa daga Afrilu zuwa Satumba. Hawan saman ne ya kamu da ciwo a shekarun 1990. Daga 1989 Ostireliya ta doke Ingila sau takwas a jere a gasar Ashes, wadda ita ce mafi daraja a wurin ƙasashen biyu. A 1999, bayan New Zealand ta zo har gida ta doke ta, Ingila ta faɗa ƙarshen jadawalin ƙasashe na mujallar Wisden, 'yan kallo suka yi wa kyaftin Nasser Hussain ihu a filin Oval na Landan.

Wanda ake ta kayarwa yakan zuba wa mai kayar da shi ido. Masu kundin sun dubi Ostireliya sun ga cewa a can ɗan wasan kulob da ɗan wasan ƙasa kan haɗu a fili ɗaya, wasan kulob na ɗaukar kwana biyu, yaro mai hazaƙa kuma na iya tashi daga kulob ya shiga ƙungiyar jiha cikin 'yan watanni. Suka ce a kwafo wannan.

Ga abin da ya faru da kundin, kuma a nan ne halin tsarin ya fara bayyana. Ya ƙunshi shawara ga ƙwararrun gundumomi ma, cewa a raba babbar gasarsu gida uku. Su da ke da ƙuri'a a hukumar suka yi watsi da ita a wannan shekarar, sai daga baya suka yarda a fara rukuni biyu daga kakar 2000 bisa sharuɗɗan da suka ga za su iya ɗauka. Ƙungiyoyin 'yan sha'awa kuwa ba su da irin wannan ƙarfin faɗa a ji. Masu ciwon suka ture kwanon magani, aka miƙa wa maƙwabci ya shanye.

Kayan aro ba ya rufe katara

Tsarin Ostireliya ya tsiro ne daga ƙasar Ostireliya. Jihohi shida ne ke buga gasar ƙwararru a can, a yawancinsu kuma mafi yawan mutanen jiha na zaune a babban birninta. A Sydney ƙungiyoyi 20 ne ke buga babbar gasar kulob, kowace da rukunai daga na ɗaya zuwa na biyar, duka a birni ɗaya da kewayensa. Mai zaɓen 'yan wasan jiha na iya kallon wasa biyu a rana guda. Ƙwararrun kuma wasanninsu ba su kai na Ingila yawa ba, saboda haka sukan koma kulob su yi wasa da 'yan sha'awa, su wasa su kamar yadda dutse ke wasa wuƙa.

A Ingila ƙwararre na cikin wasan gunduma kusan duk tsawon bazara, da wuya a gan shi a filin kulob. Jama'ar kuma a warwatse take cikin ƙananan garuruwa. Don a tara ƙungiyoyi goma ko goma sha biyu mafi ƙarfi, dole a shata da'ira mai faɗi. Firimiyar Gabashin Anglia ta haɗa Norfolk da Suffolk da Cambridgeshire da wani yanki na Essex. Ta Yammacin Ingila ta haɗa Somerset da Gloucestershire da Wiltshire da Bristol. Wasan kwana biyun da aka yi kwaɗayi bai kama ƙasa ba, domin mai iyali da aikin yi ba zai iya sadaukar da shi ba. Abin da ya rage shi ne dogon wasan yini ɗaya, a wasu wuraren har zagaye 110 ko 120, kowane zagaye jifa shida, a fara da hantsi a tashi dab da magariba. Ƙara da awa ɗaya ko biyu a mota zuwa, irinsa kuma dawowa. Asabar ta tafi ke nan tun daga kari har barci.

Mutum mai shekara 30 da 'ya'ya biyu, wanda shi ne ƙashin bayan kowane kulob, shi ne wanda wannan tsari ya fara kora. Shi ne ya san wasa, shi ne zai zama kyaftin, shi ne gobe zai horar da yara ya riƙe littafin kuɗi. Idan ya ajiye sandarsa, kulob ya rasa ɗan wasa yau, ya rasa dattijo gobe.

Abin da aka tarar a ƙasa

Wanda ya karanta kundin 1997 zai zaci kafin nan kurket ɗin kulob fili ne fetal da babu kowa. Tarihi ya ce akasin haka. An kafa gasar Birmingham a 1888, ita ce gasar lig ta kurket mafi tsufa a duniya. Gasar Lancashire da ta Tsakiyar Lancashire sun samo asali a 1892, ta Bradford a 1903. Waɗannan gasanni na garuruwan masaƙu da ma'adinai ne. Ma'aikaci ya tashi daga aiki da tsakar ranar Asabar, ya biya kuɗin ƙofa, ya ga garinsu ya kara da garin da yake hangowa daga kan tudu. Nelson da Colne maƙwabtan juna ne. Bacup da Rawtenstall da Haslingden a kwari ɗaya suke. Kowane kulob na ɗaukar ƙwararre ɗaya a biya shi a fili kowa ya sani, idan kuma ɗan gari ya yi bajinta sai a zagaya da akwati a tara masa kuɗi.

Dubi waɗanda suka bi ta nan. Learie Constantine na Trinidad ya buga wa Nelson daga 1929 zuwa 1937, kulob ɗin ya ci kofi sau bakwai cikin waɗannan shekaru tara, mutumin kuma daga baya ya zama baƙar fata na farko a Majalisar Dattawan Birtaniya. Garfield Sobers ya yi wasa a Radcliffe. Viv Richards ya zo Rishton a 1987, Shane Warne ya zo Accrington a 1991. Basil D'Oliveira, wanda mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu ya toshe wa hanya, ya sauka a Middleton a 1960, ya shiga gundumar Worcestershire a 1964, ya sa rigar Ingila a 1966. Ga tsani nan ana hawa shekaru 30 kafin wani ya zana shi a takarda. Ko bayan an kafa Firimiya, mai jifan gudun da ya fi kowa fitar da masu bugu a tarihin wasannin kwana biyar, James Anderson mai 704, daga Burnley ya fito, a gasar Lancashire wadda a lokacin tana wajen tsarin Firimiya.

A kudancin Ingila labarin daban ne. Can, ƙungiyar da ke kula da kulob-kulob, wadda aka kafa a 1915, ta shafe rabin ƙarni tana hana gasar lig, da sunan cewa mutumin kirki ba ya wasa don maki. A ƙarƙashin wannan kalami akwai batun aji: wasan sada zumunci yana ba ka damar zaɓar wanda za ka yi wasa da shi, lig kuwa tana tilasta maka karawa da wanda jadawali ya kawo. Sai a 1968 gasar Surrey ta karya wannan shinge. Saboda haka a kudu Firimiya ta tarar da gasanni matasa ta tsara su. A arewa kuwa ta tarar da tsofaffin gidaje masu mutane a ciki, ta ce su matsa. Shi ya sa Yorkshire ba ta kammala haɗa dalarta ba sai 2016, lokacin da gasar Bradford ta shigo. A wannan guguwar sake fasali ta yankin Manchester, gasar Tsakiyar Lancashire, gidan Sobers da D'Oliveira, ta rufe littafinta bayan kakar 2015, gasar Pennine da ta gaje ta kuma shekara biyu kacal ta yi.

Abin da ke mutuwa idan aka raba maƙwabta ba ya fitowa a jadawalin maki. Karawar gari da gari ce ke kawo 'yan kallo, 'yan kallo ke sayen abinci da abin sha a ɗakin kulob, wannan ciniki ke biyan kuɗin ciyawa da wuta. Baƙin da suka zo daga nisan mil 80 za su sha hannu su shiga mota. Ba su da laifi, hanya ce ke jiransu.

Harajin da ba a kira shi haraji ba

Shiga Firimiya na da sharuɗɗa, kuma kowane ɗaya a kan kansa mai kyau ne. A samu abin rufe tsakiyar fili daga ruwan sama. A samu farin allon da ake kafawa a bayan mai jifa don mai bugu ya ga ƙwallo. Alƙalan wasa su riƙa ba filin maki, wanda ya gaza a gargaɗe shi. A samu rukunan yara da masu horarwa masu takarda, da jami'in kare yara, da shaidar inganci ta hukumar mai suna Clubmark. Wa zai ƙi waɗannan? Tambayar ita ce wa ke yin aikin. Amsar kuwa: tsohon da ke tura injin daddale fili da asuba, matar da ke riƙe da littafin maki, ma'ajin da ke cike takardu da tsakar dare bayan ya dawo daga nasa aikin. Hukuma ta rubuta sharaɗi, 'yan sa-kai suka biya da lokacinsu da gumin jikinsu.

Sannan akwai kuɗin da ba a faɗa. Da zarar an kawo hawa da faɗuwa, an kuma ce matsayi ɗaya ne kawai ke da daraja, an buɗe kasuwa. Kulob ɗin da ke tsoron faɗuwa zai nemi 'yan wasa, 'yan wasa kuma sun san farashinsu. Sanannen abu ne a wannan duniyar cewa ana biyan 'yan wasan da ake kira 'yan sha'awa, wani a fili, wani da sunan kuɗin mai, wani da sunan horar da yara. Attajirin gari guda na iya ɗaga kulob daga rukuni na uku zuwa ƙoli cikin 'yan shekaru, ranar da ya gaji ko kasuwancinsa ya karye kuma, hayar ta watse, a bar 'yan gida da bashi da fili babu mutane. Kurket ɗin ƙwararru na Ingila ya soke bambancin ɗan sha'awa da ƙwararre a 1962, dalili ɗaya kuwa shi ne kowa ya gaji da munafuncin masu karɓar kuɗi ta bayan gida suna kiran kansu 'yan sha'awa. Abin da aka kora daga sama shi ne aka sake shukawa a ƙasa. Tsohuwar gasar Lancashire, da ƙwararrenta ɗaya da kowa ya san sunansa, ta fi wannan gaskiya.

Wanda ya fi shan wahala shi ne ƙaramin kulob. Shi ne ya karɓi yaro yana ɗan shekara takwas, ya koya masa riƙon sanda, ya ara masa kayan kariya. Da yaron ya kai 15 ya fara haske, sai a raɗa wa iyayensa cewa in yana son gunduma ta gan shi, ya koma kulob ɗin Firimiya. Wani ya yi noma, wani ya girbe, babu ko ladan gaisuwa. A 2014 binciken hukumar ECB da kanta ya nuna masu buga wasan sun ragu daga 908,000 zuwa 844,000 cikin shekara ɗaya, kashi 5 cikin 100 na wasanni kuma an sallama su saboda wani ɓangare ya kasa tara mutum 11. Ruwan sama na da nasa kason laifin, haka ma ɗauke wasannin Ingila daga talabijin na kyauta zuwa na biya bayan 2005. Amma tsarin da ya kwashe shekara 15 yana auna lafiyar wasan da tsayin ƙolinsa ba zai ce ba ruwansa da zaizayar gindinsa ba.

Tsanin da aka jingina a bangon da babu ƙofa

Duk wannan da sauƙi da a ce alkawarin ya cika. To, ta ina ƙwararrun Ingila ke fitowa yau? Gundumomi na zaɓar yara tun suna shekara 10 zuwa 13, su sa su a rukunan shekaru, daga nan zuwa makarantar horarwa ta gunduma, daga nan zuwa kwantiragi. Wanda bai shiga wannan layi da wuri ba, ko da ya yi ta zuba maki a Firimiya yana ɗan shekara 23, da wuya wani ya zo kallonsa. Ana samun wanda ya tsallake. Richard Gleeson ya yi wasa a Blackpool da ƙaramar gundumar Cumberland, bai shiga wasan ƙwararru ba sai yana da shekara 27, ya fara buga wa Ingila a 2022 yana da 34. Ana ba da labarinsa ne saboda irinsa ba su da yawa.

Layin yaran kuwa kuɗi ne ke tsaron ƙofarsa: kayan wasa, horon hunturu a rufaffen ɗaki, iyaye masu mota da lokacin kai yaro. Hukumar bincike mai zaman kanta da Cindy Butts ta jagoranta ta fitar da rahotonta a watan Yunin 2023, ta nuna cewa kashi 58 cikin 100 na mazan da suka buga wa Ingila a 2021 sun yi makarantun kuɗi, alhali kashi 7 ne kawai na jama'ar ƙasar ke zuwa irin waɗannan makarantu. Ko waɗanda kulob ya raina, makarantar kuɗi ce kan ƙarasa su: Joe Root ya tashi a Sheffield Collegiate ya samu gurbin karatu a Worksop, Harry Brook ya tashi a Burley-in-Wharfedale ya samu gurbi a Sedbergh. Ainihin tsanin yana harabar makarantar kuɗi, an bar kulob yana riƙe da wanda aka zana a takarda.

Akwai kuma waɗanda dalar ba ta ma lissafa da su ba. A 2018 hukumar ECB ta amsa da bakinta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu buga kurket don sha'awa 'yan asalin Kudancin Asiya ne, wato Pakistan da Indiya da Bangladesh da Sri Lanka, amma kashi 4 cikin 100 ne kawai na ƙwararru. Da yawansu na wasa a gasannin da suka kafa wa kansu, irin gasar Quaid-e-Azam ta Bradford da ke gudana tun farkon shekarun 1980, wasu a filayen haya na ƙananan hukumomi. Ƙungiyar da ba ta mallaki fili ba, ta yaya za ta cika sharaɗin fili? An sa ma'aunin da ke auna dukiyar gado, aka ce ana auna iya wasa. Sai da wasu mutane suka kafa wata makarantar horarwa ta musamman, South Asian Cricket Academy, suka tattaro 'yan wasan da gundumomi suka tsallake, sannan aka ga Kashif Ali ya samu kwantiragi a Worcestershire a 2022, Jafer Chohan ya samu a Yorkshire har aka kira shi tawagar Ingila a 2024. Hazaƙar tana nan tun tuni. Masu zuwa kallo ne babu.

Farfaɗowar Ingila fa, da cin Ashes na 2005? Dalilanta a bayyane suke: zuwan Duncan Fletcher a matsayin mai horarwa a 1999, kwantiragin ƙasa ga manyan 'yan wasa daga 2000 wanda ya ba su hutu daga wasan gunduma, da makarantar horarwa ta ƙasa da aka fara a 2001. Duka a hawan sama aka yi su, inda ciwon yake.

Hujjar masu kare tsarin

Suna da magana, kuma ta cancanci a ji ta. Tsofaffin gasannin rufaffun gidaje ne. Gasar Lancashire ta shafe fiye da ƙarni da ƙungiyoyi 14 ɗin nan dai, babu mai shiga babu mai fita, sai a 2017 ta buɗe ƙofa. Kulob mai himma da ke waje ba shi da hanyar shiga komai ƙoƙarinsa, malalacin da ke ciki kuma ba ya tsoron komai. Hawa da faɗuwa sun karya wannan gadon. Filaye sun gyaru, alƙalanci ya inganta, dokokin kare yara sun zama wajibi, ɗan wasa mai kyau kuma na samun abokin karawa daidai da shi kowane mako maimakon ya yi ta lallasa raunana.

Duk wannan gaskiya ne. Amma a duba: babu ɗaya daga cikin waɗannan alherai da ke buƙatar a ce gasar 'yan sha'awa ma'aikatar ƙera ƙwararru ce. Ana iya buɗe ƙofar hawa da faɗuwa a cikin da'irar da mutum zai je ya dawo ya ci tuwon dare da iyalinsa. Ana iya kare yara a kowane kulob, babba da ƙarami. Abin da na ƙi shi ne manufar da aka ɗora a kan tsarin, wadda ta sa aka ja iyakoki don jin daɗin gunduma, aka tsawaita wasa don kwaikwayon ƙwararru, aka koya wa kowa cewa kulob ɗin da ba ya hawa ya gaza. Kulob ɗin ƙauyen da ya fitar da ƙungiya biyu kowace Asabar tsawon shekara ɗari, ya tara jika da kaka a fili ɗaya, ya cika aikinsa ko da bai taɓa jin ƙanshin Firimiya ba.

Wanda ya ci ladan kuturu

Yanzu babu uzurin rashin kuɗi. A 2025 hukumar ECB ta sayar da hannayen jari a ƙungiyoyi takwas na gasarta ta The Hundred, aka tara fiye da fam miliyan 500, aka ware kashi 10 cikin 100 ga wasan 'yan sha'awa. Sauran na ƙwararru ne. Gindin da ke ɗauke da ginin duka ya samu ushiri. To, ko wannan ushirin, ina za a kai shi? Idan aka bi tsohuwar ɗabi'a, ƙungiyoyin da suka fi iya cike takarda, waɗanda dama su ne masu hali, su za su kwashe.

Ga abin da adalci ke nema. Na farko, duk sharaɗin da hukuma ta ɗora wa kulob ta haɗa shi da kuɗin cika shi. Na biyu, gundumar da ke kiran wata gasa tsaninta ta tura masu kallo, ta ware gurabun gwaji kowace shekara ga manyan 'yan wasan gasar, ta kuma wallafa adadin waɗanda ta ɗauka daga cikinta, don kowa ya ga ko tsanin na aiki. Na uku, idan yaro ya zama ƙwararre, kulob ɗin da ya fara koya masa ya samu rabo mai tsoka. Na huɗu, a fito da biyan 'yan wasa fili, a ƙayyade adadinsu, a rubuta sunayensu, kamar yadda garuruwan masaƙu suka yi tun ƙarni na 19. Na biyar, a sa iyaka ga nisan tafiya da tsawon wasa, zakarun yankuna su haɗu a ƙarshen kaka kamar yadda Yorkshire ke yi tun 2016. Na shida, a zuba kuɗi a filayen birane, a ba ƙungiyoyin da ba su da fili hanyar shiga dala da ƙarfin wasansu.

Darasin ya wuce kurket, ya wuce Ingila. Duk hukumar wasanni da ta ga ƙungiyar ƙasarta na shan kashi, abu mafi sauƙi gare ta shi ne ta zana dala a takarda ta raɗa wa ƙolinta suna mai ƙyalli, domin zane ba ya cin kuɗi, masu ɗaukar nauyinsa kuma ba su da kujera a ɗakin taro. Kafin a kafa wa 'yan sha'awa gasar ƙoli a ko'ina, a tambayi masu kafawar abu uku: wa zai biya, wa zai zo kallo, kuma me zai faru da ƙungiyoyin da aka bari a ƙasa. Ingila ta kafa tata ba tare da ta amsa ko ɗaya ba, masu tura injin daddale fili da asuba kuma har yau su ke biyan bashin. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.